Ranar da Chrysler ya je roƙo a Washinton

A shirin yau za mu leƙa Amurka, birnin Detroit da ke jihar Michigan, inda manyan kamfanonin motocin ƙasar guda uku suka yi kaka-gida: General Motors, da Ford, da ƙaraminsu Chrysler. Labarin ƙaramin nan nake so mu bi, don sau biyu cikin shekara 30 yana kai ƙoƙon bara gaban gwamnati, kuma duk lokacin da ya je sai gardama iri ɗaya ta tashi. Shin ya dace a ɗebi kuɗin talakawa a ceci kamfanin 'yan kasuwa? Kuma shin wajibi ne ɗan ƙasa ya sayi motar ƙasarsa ko da ta waje ta fi ta?

Mu fara daga 1979. Shekara da shekaru kamfanonin Detroit manyan motoci suke ƙerawa, dogaye masu faɗi, masu shan mai kamar ba gobe, tunda man fetur a Amurka araha ne. Sai rikicin mai na 1973 ya zo, ƙasashen Larabawa suka rufe famfo. Kafin a gama farfaɗowa juyin juya halin Iran ya biyo baya a 1979, layi ya dawo gidajen mai. To, mutumin da ya wuni a layi ba sai an yi masa wa'azi ba. Jama'a suka koma kan ƙananan motocin Japan, su Toyota da Honda da Datsun, ga rashin shan mai ga rashin zuwa wurin bakanike. Zuwa 1980 kusan mota ɗaya cikin biyar da ake saya a Amurka ta Japan ce.

Chrysler ne ya fi jin jiki. A 1979 ya yi asarar dala biliyan 1.1, bankuna suka ɗauke kai. Mutumin da ke riƙe da kamfanin a lokacin shi ne Lee Iacocca, ɗan baƙi 'yan Italiya, wanda sunansa ya fito tun a Ford saboda motar Mustang. A 1978 Henry Ford na biyu ya kore shi, bayan 'yan watanni Chrysler ya ɗauke shi. Shi ne ya tafi gaban majalisar dokoki neman agaji.

A nan akwai abin da mutane da yawa ke kuskurewa. Ba tsabar kuɗi ya nema ba. Cewa ya yi gwamnati ta tsaya masa ya ci bashi a kasuwa, in ya kasa biya ita za ta biya. Kamar yadda kake zuwa wurin ɗan kasuwa da wani babba ya ce ba shi kaya, ni na tsaya masa.

Aka yi ta cacar baki. Sanata William Proxmire, shugaban kwamitin bankuna na majalisar dattawa, ya ƙi amincewa. Shugaban General Motors na lokacin, Thomas Murphy, shi ma ya soki abin, a ganinsa ya saɓa wa tsarin kasuwancin Amurka, inda wanda ya gaza ake barinsa ya faɗi. Hujjarsu ba ta banza ba ce: in ka ceci wannan yau, gobe duk wanda ya yi sakaci da dukiyarsa zai zo ya tsaya a ƙofa. Su kuma masu goyon baya suka ce ku lissafa. Chrysler na da ma'aikata sama da dubu ɗari, ban da dillalai da masu kawo masa ƙarfe da gilashi da taya. In duk suka zauna a gida, gwamnati ce dai za ta biya su kuɗin rashin aiki da fansho, ga harajinsu da za ta rasa. Sannan kamfanin ne ke ƙera wa sojan Amurka tankar yaƙi. Ga kuma zaɓen 1980 ya ƙarato, kuma Michigan ba jihar da ɗan siyasa zai yi wasa da ita ba ce.

Majalisa ta amince a Disambar 1979, shugaba Jimmy Carter ya sa hannu ranar 7 ga Janairun 1980. An tsaya wa Chrysler har dala biliyan 1.5. Amma ku saurari sharuɗɗan, don a wurina su ne zuciyar labarin. Kafin ya taɓa ko sisi, sai da kamfanin ya samo rangwame da gudummawa na kusan dala biliyan 2 daga waɗanda ke cin abinci a jikinsa. 'Yan ƙungiyar ƙwadago suka haƙura da sama da dala miliyan 460 na albashi da alawus. Ma'aikatan ofis suka haƙura da miliyan 125. Bankuna suka sassauta bashi, dillalai da masu kawo kaya suka sa nasu, jihohin da ke da masana'antun kamfanin su ma suka sa hannu a aljihu. Iacocca ya mayar da albashinsa dala ɗaya a shekara, wanda talla ce fiye da sadaukarwa, amma dai ta yi aiki. Aka kafa kwamiti na gwamnati da ke duba littattafan kamfanin. Shugaban ƙungiyar ma'aikatan motoci, Douglas Fraser, ya samu kujera a hukumar daraktoci, abin da ba a saba gani ba a Amurka. Sannan gwamnati ta karɓi takardar da ta ba ta damar sayen hannun jari miliyan 14.4 a kan dala 13 kowanne, ko da farashi ya tashi nan gaba.

Kuma ba a ceci kowa da kowa ba fa. An rufe masana'antu, ciki har da tsohuwar masana'antar Dodge da ke Hamtramck a farkon 1980, dubun dubatar mutane suka rasa aiki. Kamfani aka ceto, ba kowane ma'aikaci ba. A 1980 ma asarar ƙaruwa ta yi, ta kai biliyan 1.7.

Abin da ya fitar da Chrysler kunya mota ce. Ya fito da wasu ƙananan motoci biyu, Dodge Aries da Plymouth Reliant, ba su da wani kyan gani na a zo a gani, amma suna ɗaukar iyali, ba sa shan mai, farashinsu daidai talaka. Iacocca da kansa ya riƙa fitowa a talabijin yana ƙalubalantar jama'a cewa duk wanda ya samu motar da ta fi tasa, ya je ya saya. A ƙarshen 1983 suka ƙara da ƙaramar bas ta iyali, wadda ta buɗe kasuwa sabuwa fil. Cikin biliyan 1.5 da aka tsaya masa, biliyan 1.2 kamfanin ya ci, kuma a 1983 ya biya duka, shekara bakwai kafin wa'adi. Waccan takardar hannun jari kuwa, gwamnati ta sayar da ita ta samu kimanin dala miliyan 311. Ta tsaya wa mai bashi ta fita da riba kenan.

Yanzu bari mu juya ga ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika son faɗa ba.

A waɗannan shekaru kiran a sayi kayan Amurka ya yi ƙarfi ƙwarai a Detroit. Ana liƙa takardu a bayan mota. Ofisoshin ƙungiyar ƙwadago suna hana motar waje shiga wurin ajiye motocinsu. A wasu tarukan har mota ƙirar Japan ake ajiyewa, a ba mutane guduma su yi ta dukanta suna huce haushi. Na fahimci zafin. Mutum ya yi shekara 20 a masana'anta, an sallame shi, ya fito ya ga maƙwabcinsa da sabuwar Toyota. Amma irin wannan wuta ba ta tsayawa a kan ƙarfe. A watan Yunin 1982, a yankin Detroit, wasu mutum biyu, ɗaya mai kula da ma'aikata a masana'antar Chrysler, ɗaya kuma ɗan matarsa da aka sallama daga aikin mota, suka samu saɓani da wani saurayi mai suna Vincent Chin, ɗan shekara 27, ana 'yan kwanaki bikinsa. Shaida ta nuna an ɗora wa irinsa laifin rashin aikin da ake fama da shi. Suka bi shi suka doke shi da sandar wasan besbol, bayan kwana huɗu ya cika. Abin takaici, ba Bajapane ba ne ma, asalinsa Sin ne, kuma a Amurka ya tashi. Alƙali ya ba su ɗaurin talala na shekara uku da tarar dala dubu uku. Ba wanda ya shiga kurkuku a kan wannan hukunci. Har yau Amurkawa 'yan asalin Asiya suna tuna wannan shari'a.

Sannan ita kanta motar gidan, wace ce? Chrysler ɗin da ake cewa a saya don kishin ƙasa, a lokacin yana shigo da motocin Mitsubishi daga Japan yana liƙa musu suna Dodge Colt. Wasu daga cikin Aries da Reliant ɗin ma injin Mitsubishi ne a cikinsu. A 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta matsa wa Japan ta taƙaita motocin da take turowa zuwa miliyan 1.68 a shekara. Me ya biyo baya? Farashi ya tashi, mai saye ne ya biya. Japanawa suka ce tunda an ƙayyade mana adadi, bari mu turo masu tsada, daga baya aka ga su Acura da Lexus. Suka kuma tattaro suka zo suka gina masana'antu a cikin Amurkar: Honda a Ohio a 1982, Nissan a Tennessee a 1983, Toyota a Kentucky a 1988. To Honda da Ba'amurke ya haɗa a Ohio, da Dodge da aka ƙera a Japan, wacce ce ta gida? Rikicin ya kai sai da majalisa ta yi doka a 1992 cewa a riƙa liƙa wa sabuwar mota takardar da ke nuna inda kayanta suka fito.

Zagaye na biyu ba zan daɗe a kansa ba, da yawanku kun shaida shi. A Nuwambar 2008, tattalin arzikin duniya na tangal-tangal, shugabannin kamfanonin uku suka je majalisa neman dala biliyan 25, kowa a jirginsa na alfarma. 'Yan majalisa suka yi musu tatas. Da za su dawo a Disamba, a mota suka zo. Majalisar dattawa ta ƙi, sai shugaba Bush ya ba General Motors da Chrysler rancen biliyan 17.4 daga asusun ceto bankuna. Obama ya zo ya tsaurara: ya sa shugaban General Motors, Rick Wagoner, ya sauka, aka bi da kamfanonin biyu ta kotun karayar arziki a 2009, gwamnati ta riƙe kusan kashi 61 cikin ɗari na General Motors. Ford bai karɓi wannan ceto ba, don tun 2006 ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har tambarinsa, ya ci bashi. A dunƙule an zuba kimanin dala biliyan 80, kuma wannan karon ba a fita da riba ba, an yi asarar wajen biliyan 9. Ni dai ina ganin asarar ta fi sauƙi a kan a bar masana'antar ta ruguje a tsakiyar wancan hali, amma wanda ya ce kuɗinsa na haraji ne aka ba masu sakaci, ba zan ce ya yi ƙarya ba.

Wani abin dariya: a 2009 gwamnati ta ware dala biliyan 3 tana ba mutane tallafi su kawo tsohuwar mota su sayi sabuwa. Motar da aka fi saya da wannan kuɗi Toyota Corolla ce.

Shi kuwa Chrysler, wanda aka ceta da sunan kamfanin gida, Fiat na Italiya aka damƙa wa shi, ya mallake shi gaba ɗaya a 2014. A 2021 suka haɗe da kamfanin Faransa mai Peugeot, aka samu Stellantis, mai hedikwata a Holan. Wato yau Chrysler da Fijo uwarsu ɗaya.

Kuma tunda Fijo ta shigo, ai dole mu biya ta Kaduna. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, zamanin da gwamnati ta kawo Volkswagen Legas, Leyland Ibadan, Steyr Bauchi, Fiat Kano. A nan ba sai an roƙi kowa ya sayi ta gida ba, gwamnati ce da kanta babbar mai saye. 504 ce motar ofis daga sama har ƙasa, ma'aikaci kuma ya ci bashin mota ya sayi tasa. Ita motar ma ta dace da hanyoyinmu, tsofaffin direbobin tasha za su ba ku labari. Sai dai yawancin kayanta daga Faransa ake kawowa a haɗa. Da naira ta faɗi bayan 1986, farashin sabuwa ya fi ƙarfin albashi, 'yan Kwatano suka cika kasuwa, gwamnati kuma ta koma sayen na waje. Aka sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, bashi ya taru, a 2012 hukumar AMCON mai karɓar basukan da suka gagari bankuna ta karɓe kamfanin.

Ku lura da bambancin. A Detroit gwamnati ta ba da lokaci, ta gindaya sharaɗi, aka bar kamfani ya je ya nemo mai saye a kasuwa. A Kaduna gwamnati ce kasuwar, ranar da ta juya baya babu wanda zai maye gurbinta. A 2013 aka fito da sabon tsarin motoci, aka ɗora wa motocin da ake shigowa da su haraji har kashi 70 cikin ɗari don a kare masu haɗawa a gida, ga Innoson a Nnewi yana ta nasa ƙoƙari. Amma a 2023, da 'yan majalisar tarayya za su sayi motocin aiki, manyan motoci na waje suka zaɓa, aka yi ta surutu, suka ce hanyoyin mazaɓunsu ne ba kyau.

A nan za mu dakata. Duk wanda ya taɓa aiki a Kakuri, ko mahaifinsa ya yi, ina so mu ji daga gare shi, musamman yadda abubuwa suka kasance a shekarun da aka fara rage ma'aikata. Sai mun haɗu a shiri na gaba.