Asalin Aljebra da Alaƙarta da Rabon Gado

'Yan'uwa, idan yaranmu sun dawo daga makarantar boko suna kuka da darasin aljebra, wasu iyayen sukan ce ai wahalar Nasara ce. To, kalmar ma Larabci ce: al-jabru, wato ɗori, irin na mai gyaran karaya.

Sunan ya fito ne daga littafin Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi, Allah Ya jiƙansa, malami a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833 Miladiyya. Littafin shi ne Al-Mukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala. Jabru shi ne a cike abin da aka tauye a gefe ɗaya na lissafi, a ƙara daidai da shi a ɗaya gefen, kamar yadda mai awo ke yi wa sikeli. Muƙabala kuwa a soke abin da gefen biyu suka yi tarayya a kansa.

Babu haruffa irin na allon makaranta a cikinsa, da zance ya yi komai. Adadin da ake nema ya kira shi saiwa, idan an ninka shi da kansa ya zama dukiya. Ga misalinsa: dukiya da saiwa 10 sun yi daidai da dirhami 39. Sai ya ce a raba 10 biyu, 5 ke nan. A ninka 5 da kanta, 25. A haɗa da 39, a sami 64. Saiwar 64 ita ce 8, a cire 5, saura 3. Ku gwada: 9 da 30, 39 cif. Kuma bai tsaya nan ba, sai da ya zana murabba'i ya nuna wannan 25 ɗin ita ce kusurwar da ta rage a cike.

Amma abin da ya fi shafarmu shi ne babban kaso na ƙarshen littafin, wanda duk wasiyya ce da gado. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, ya yi wasiyyar sulusi ga bare, ya bar dirhami 10 a hannu, yana kuma bin ɗaya ɗan bashin dirhami 10. Rabon mai bashin bai kai ya share bashinsa ba, to nawa za a lissafa cikin dukiyar? Da jabru ya fitar da 5. Dukiya ta zama 15, kowa 5, mai bashin an cire nasa daga abin da ke kansa. Duk wanda ya karanta babin fara'ili na Risala, sannan ya zauna rabon gado da bashi a ciki, ya san inda zumunci ke tsinkewa, wallahi.

A 1145 wani Bature ɗan Ingila, Robert na Chester, ya fassara sashen farko na littafin zuwa Latin a ƙasar Sifen. Babin wasiyya bai shiga fassarar ba.