Daga Baitulmalin En'e Zuwa Asusun Haɗin Guiwa: Tarihin Kuɗin Shigar Ƙananan Hukumomi a Ƙasar Hausa

Idan muka waiwayi tarihin mulkin ƙananan hukumomi a Arewacin Nijeriya, za mu tarar cewa abin da ya fi sauyawa a cikinsa shi ne hanyar da kuɗi ke bi kafin su shiga hannun hukuma. A da, kuɗin daga ƙauye suke tasowa su nufi birni. A yau kuwa daga Abuja suke gangarowa.

Kafin zuwan Turawa, talakawa na biyan kuɗin ƙasa da zakka, makiyaya na biyan jangali, masu sana'a kuma kowa da nasa, kamar kuɗin karofi na marina da kuɗin rafi na manoman rani. Jekadu ne ke tattarawa a madadin hakiman da ke zaune a birni. Dokar haraji ta Gwamna Lugga ta 1906 ta nemi dunƙule waɗannan su zama haraji guda, aka kuma tura hakimai su zauna a gundumominsu. An kafa baitulmali na farko a Katsina bisa shawarar Razdan Palmer, daga nan ya yaɗu zuwa sauran masarautu. Sarki ya koma mai albashi, ma'aji na riƙe da lissafi, ana tsara kasafin shekara. Da farko manyan masarautu rabin abin da suka tara suke riƙewa, sauran rabin na gwamnati ne. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 kason wasunsu ya kai kashi 70 cikin ɗari.

Da wannan kuɗi En'e ke biyan alƙalai da 'yan doka da malaman elementare, ta gina kasuwanni da ɗakunan shan magani. En'e ta Kano ma har aikin ruwan famfo da lantarki ta ɗauki nauyi a farkon shekarun 1930. Sai dai bai kamata mu yi wa wannan zamani ado ba. Lokacin haraji lokacin tashin hankali ne a ƙauye. Mai unguwa da dagaci sukan ƙara nasu a kan abin da aka yanka, wanda ya kasa biya ya sha wulaƙanci a bainar jama'a, wasu kan sayar da hatsin da za su ci ko su tafi cin rani. Mai biyan kuma ba shi da ta cewa game da yadda za a kashe kuɗinsa. Wannan ƙorafi na cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU ƙarfi tun kafuwarta a 1950. (A Gabas, inda babu irin wannan tsohon tsari, ƙoƙarin shimfiɗa haraji ne ya haddasa boren matan Aba a 1929.)

Gyaran 1976 ya rushe tsarin En'e, ya kafa ƙananan hukumomi 301 iri ɗaya a duk ƙasa, kowace da kaso daga asusun tarayya. Bayan shekara uku, gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, jama'a suka yi ta murna. Kason ƙananan hukumomi ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 20 a 1992, yawansu kuma ya kai 774 a 1996.

A nan ne, a ganinmu, aka yi gyara aka bar giɓi. Abin da tsarin mulkin 1999 ya bar wa ƙaramar hukuma ta tara da kanta bai taka kara ya karya ba: kuɗin rumfunan kasuwa da tashar mota da mahauta, lasisin keke da amalanke, da kuɗin gidaje. Da wuya waɗannan su biya ko da albashin ma'aikata. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma ya fi damuwa da wanda ke sakin kason wata a kan talakan da ke ƙarƙashinsa, talakan kuma, da yake ba daga aljihunsa kuɗin suka fito ba, bai cika bin bahasi ba. Bugu da ƙari, sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin guiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya ba gwamnoni damar taɓa kuɗin kafin su isa. Malaman firamare sun san wannan sarai, domin albashinsu ta wannan hanya yake bi, ya kuma sha makalewa.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma majalisun da aka zaɓa kaɗai za a ba, ban da kantomomin riƙo. Hukuncin ya taɓa hanyar da kuɗin ke bi daga sama. Bai taɓa batun abin da ƙaramar hukuma za ta iya tarawa daga jama'arta ba, wanda yake nan a buɗe tun da aka rufe littafin harajin dagaci.