Ciniki ta wayar salula daga Akokan: yadda yake tafiya da abin da za a kiyaye

Ciniki ta intanet shi ne mutum ya nuna hajarsa ta waya, a yi ciniki daga nesa, a turo kuɗi, shi kuma ya aika kaya. A nan Akokan da Arlit galibi da WhatsApp da Facebook ake yin shi, sai TikTok a wajen matasa. Mun tattaro wannan bayani domin masu ƙananan sana'o'i da ke saurarenmu, da ƴan uwanmu da ke nesa masu son sayen kayan gida.

Me ya sa ya shafe mu?

An gina Akokan ne domin ma'aikatan kamfanin COMINAK, wanda aka kafa a 1974, ya fara haƙar yuraniyom a Akuta a 1978. Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin ya dakatar da aiki bayan ma'adinin ya ƙare. Ma'aikata kusan 600 abin ya shafa, ban da na ƴan kwangila. Albashinsu ne ke juyawa a hannun tela, mai shago da mai abinci. Da yawa sun koma Agadas, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Yamai. To amma sun tafi da lambobinmu a wayoyinsu, kuma sun san mu. Su ne masu saye na farko da ya kamata a nema.

Wane kaya ne ke jure hanya?

Daga Arlit zuwa Agadas kimanin kilomita 240 ne, kuma hanyar Tawa da ake kira hanyar yuraniyom ta lalace a wurare da dama. Don haka kayan da ya fi dacewa shi ne marar nauyi, mai daraja, wanda ba ya saurin lalacewa: dabino da sauran kayan da ke shigowa daga Aljeriya ta Asamaka, cuku, kayan azurfa na maƙeran Abzin, takalma da jakunkunan fata, turaren wuta, ɗinki. Lemun Timiya da kayan lambu kuwa sun fi kyau a tallata su ga mutanen cikin gari, a kai musu da babur.

Wajen talla

Hoton da aka sa a "status" na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna ne zai gan shi. Ke nan aikin farko shi ne duk wanda ya saya, a roƙe shi ya ajiye lambar. Akwai WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, kyauta ne. A cikinsa ana jera kaya da hoto da farashi, a rubuta sunan sana'a da lokacin aiki. Ana iya aika saƙo guda ga mutum har 256 a lokaci ɗaya, kowa ya samu nasa daban, in dai ya ajiye lambar mai aikawa.

A ɗauki hoton kayan da ke hannu, da hasken safe, kan tabarma ko zane mai tsabta. Kada a ɗauko hoton wani a intanet. Ranar da kaya ya isa aka ga bambanci, ciniki ya ƙare ke nan. A haɗa da gajeren saƙon murya da Hausa ko Tamashek, don ba kowa ke karatu ba. Bidiyo ya zama gajere, saboda yana cin kuɗin intanet, kuma rezo ba kullum yake da ƙarfi ba.

Farashi a fili

A nan muna lissafi da dala da jika: dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1,000. Idan kika ce "ɗari biyar" kina nufin sefa 2,500, wanda ke Kano ko ɗan da ya tashi a waje zai iya ɗauka 500 ce. A rubuta adadin da lamba, a sa "sefa" a gefe, a kuma faɗi ko kuɗin mota na ciki.

Biya da aikawa

Ana turo kuɗi ta kamfanoni irin su Nita, Amana da Al Izza, ko ta Airtel Money. Ƙa'ida guda ce: kaya ba ya fita sai kuɗi ya shigo hannu ko asusu. Hoton takardar biya ba kuɗi ba ne, ana iya ƙirƙirar shi. Idan an kai kaya tashar motocin safa, a rubuta suna da lambar mai karɓa a jiki, a karɓi takarda, a ɗauki hotonta a tura masa, a gaya masa ranar da motar ta tashi. Kafin nan a yi magana kan wanda zai ɗauki asara idan kaya ya fashe ko ya ɓata.

Hattara da ƴan damfara

Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo mabuɗin shagonka ne. Duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa su, ko da ya ce daga kamfani yake, ɓarawo ne: zai ƙwace lambar ya riƙa karɓar kuɗi da sunanka. A kunna tsaro na mataki biyu, a sa lambar sirri. Haka lambar sirrin asusun kuɗi, ba a faɗa wa kowa.

Ga ƴan uwa na nesa

Ku fara da saye kaɗan. Ku nemi a kira ku ta bidiyo ku ga kayan, ko ku sa wani na gida ya leƙa. Idan kaya ya iso lafiya, ku faɗa a zaurukan WhatsApp na dangi da na tsoffin abokan aiki, don shaidarku ta fi kowace talla kawo wa mai sana'a ciniki. Shi kuma mai sayarwa ya riƙe littafi: wa ya saya, nawa ya biya, yaushe aka aika, nawa ya rage bayan kuɗin mota da na intanet.

Allah ya sa albarka a nema.