Daga Randa Zuwa Firji: Tarihin Ruwan Sanyi A Ƙasar Gaya

Yau na ɗan jingine labarin da muke ciki, saboda wata gardama da ta tashi a gidan yayata a Ajingi wajen haɗa kayan ɗakin 'yarta. Ta kafe sai firji mai ƙofa biyu, dogo kamar kabad, don kada dangin miji su raina mu. Na ce, "Yaya, bari mu waiwayi baya tukuna."

Ƙasar Gaya tsohuwa ce, har tarihin baka ya ce daga nan maƙera Abagayawa suka tashi zuwa Dutsen Dala neman tama. Duk tsawon zamanin nan babu lantarki, amma kakanninmu ba su sha ruwan zafi ba. Randa ake kafawa cikin yashi mai laima a inuwa, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi tana tafiya da zafin. Kuɓewa da tumatir a shanya su, naman layya a soye shi ƙayau ya yi watanni.

Firjin farko da ƙauyuka suka sani mai kananzir ne, a asibiti don ajiyar allurar rigakafi. Mai aiki da lantarki sai bayan an gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, sannan ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a 1975. Nan fa firji ya zama ado a falo, a lulluɓe shi da ƙyalle, a jera tangaran a kansa. Da tsarin SAP ya karya naira daga 1986, sabo ya gagari talaka, aka koma na gwanjo daga Turai, masu shan wuta kamar me. NEPA ta koma PHCN a 2005, KEDCO ta karɓi rabon wutar Kano a 2013. Suna dai ya yi ta sauyawa, amma firji da yawa a ƙauye sun zama ma'ajiyar kwanuka.

Abin sha'awa, maƙwabcinmu ne ya tuna da randa. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000.

To, me tarihin ya koya mana? Kafin a tambayi girman firji, a tambayi awa nawa wuta ke zama a unguwar. Inda ba ta zama, firiza ta kwance ta fi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubewa idan an buɗe murfi ta sama. Ga shi amarya za ta sayar da ƙanƙara da zoɓo da azumi. Ragowar kuɗin a sayi sitabilaiza, ko a tara na sola.

Da ƙyar Yaya ta sauko. Ƙaramar firiza muka saya, na ƙara wa ɗiyata randa sabuwa. An yi mini dariya ranar jere, amma ranar da aka kwana uku babu wuta, a randar ango ya sha ruwa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.