Wake ya tafi arewa, taliya ta taho kudu

Mutanen Italiya suna da wani abinci da suke kira pasta e fagioli, wato taliya da wake. Ana jiƙa wake ya kwana, a soya albasa da tafarnuwa a man zaitun, a zuba waken ya nuna, a dame rabinsa don romon ya yi kauri, sannan a kakkarya taliya a jefa. Abincin talaka ne tun asali. Duk matar da ta taɓa ɗora tukunya a Ƙanƙara ko Sabuwa za ta gane shi da gani ɗaya, sai dai ta tambayi ina manja da yaji, ina kuma 'yar kanwar da ke sa wake laushi.

Kamannin nan yana da tushe. Waken da Turawan Italiya suka fi dafawa yau daga nahiyar Amurka ya zo musu, bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Kafin nan, wanda Rumawa suka sani shi ne farin nan mai baƙin ido, irin namu. A Afirka ta Yamma aka fara noma shi. Masu tonon kayan tarihi sun sami ƙwayoyinsa a Kintampo ta ƙasar Gana, masu shekara fiye da 3,500. Har gobe a yankin Toskana ana sayar da shi da sunan "wake mai ido".

Taliya kuwa ta biyo hanyar ne ta baya. A 1154 malamin nan al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Tarabiya na tsibirin Sisili ana yin wani abinci na alkama mai kamar zare, ana lodinsa a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Sunansa da Larabci itriya. Da yawanmu mun ɗauka daga kalmar Italiya aka samo "taliya", amma ni kunnena ya fi karkata ga itriya, don girke-girken alkama irin su gurasa da alkaki ta hannun fataken Larabawa, mutanen Gadamas da Turabulus, suka zauna a Kano da Katsina. Nan ta daɗe tana abincin gidan sarauta da attajirai, domin alkama sai fadama da ban ruwa. Daga baya ne fulawar kamfani da ɗan injin murji suka sauko da ita tsakar gida, inda ake shanya ta a igiya kamar wanki.

A kudancin Katsina, wake ne ya riƙe wannan haɗin. Ana shuka shi a gindin dawa da masara tsakiyar damina, a rore shi da kaka, harawarsa ta ciyar da tumaki har bazara, ƙwayar kuma ta nufi kasuwannin Sheme da Ɗandume. Taliya ana iya sayowa daga Funtuwa ko Kano. Wake sai an shiga gona.

Shiga gonar ne ya yi wuya. Tun kafin sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, manoman Faskari da Sabuwa suka fara barin gonakin da ke bakin daji, wasu kuma sai sun biya 'yan bindiga kafin su yi roro. Shi wake ba ya jira: in ya bushe ba a ɗebe shi ba, kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa.