Dutse da Dam: Tarihin da ke Ƙarƙashin Ƙafarmu a Funtua

 Bazara ta kama, rana kamar a bakin murhu, manoma na sharar gona suna leƙen gabas. Ga matasanmu a waya suna kallon Turawa da jaka a baya, sun hau tsauni sun iske tafki a can ƙoli, suna ta "kai, ina ma a ce nan ne!" To, mu tafki bai hau mana dutse ba. Namu ruwan a ƙasa yake, kuma kusan duk hannun mutum ne ya tare shi. Amma a tafiyar yini guda, daga dutsen Funtua zuwa dam ɗin Mairuwa, wallahi akwai tarihin da ya isa a zauna a kansa.

Mu fara da dutsen. Kakanninmu ba don shan iska suke raɓar duwatsu ba, don tsira ne. A ƙarni na 19 mahaya daga Maraɗi, musamman zamanin Ɗan Baskore, sun sha kawo hari kudancin Katsina. Wanda ke kan dutse shi ke fara hango ƙurar dawaki. A lokacin ma babban gari a nan Maska ne, garin saƙa da rini, shi ya sa har gobe hakimin Funtua Sarkin Maska ake ce masa.

Auduga ce ta juya lamarin. Turawan kamfanin BCGA suka kafa injin gurzar auduga, layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya dangana da Ƙaura Namoda a 1929. Gari ya cika da 'yan kasuwa da leburori da baƙi, rijiyoyi suka gaza. Daga nan maganar tare ruwa ta taso, har aka zo ga Mairuwa a kan hanyar Gusau, daga baya kuma Gwaigwaye a zamanin gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Ga abin da ni ya fi burge ni. Funtua kan tudu take, kusan mita 700 sama da teku, kuma a nan yankin ne Gulbin Sakkwato ya samo asali. Ruwan saman da zai sauka mana a watan Mayu, shi ne zai gangara Gusau, ya shiga dam ɗin Bakolori, ya haɗu da Rima a kusa da Sakkwato, ya ƙare a kogin Kwara. Wato in ka tsaya kan dutsenmu, a kan gulbi guda kake tsaye. Mu nawa aka gaya wa haka a aji?

A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya kawo shirin raya noma na Funtua, tare da na Gusau da Gombe. Aka yi hanyoyin karkara, aka kawo taki, ƙananan dam na ƙasa suka yawaita a yankin. Dabbobi sun sha, masu noman rani sun samu. Sai dai ruwa kwantacce yana da baƙonsa. Masu bincike daga Liverpool da Jami'ar Ahmadu Bello da suka yi aiki a Malumfashi a waɗannan shekarun sun bibiyi cutar tsargiya a dam ɗin Ruwan Sanyi, inda yara maza masu wanka suka fi kamuwa. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan katantanwa take girma, ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Don haka in zafi ya kora ka bakin dam, zauna inuwa ka sha mangwaronka, iyo dai a haƙura.

Yanzu ga inda abin ke min ciwo. Tafiyar ba wuya gare ta ba: a fita bayan asuba, a hau dutse kafin hantsi, a nufi bakin ruwa kafin azahar. Amma wace uwa ce yau za ta ji ɗanta ya ce zai nufi wajen Faskari da ƙafa ta ce masa a dawo lafiya? Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, daji ya zama wurin da ake ambata da ƙasa-ƙasa. Da, dutse mafakar talaka ne daga mahara. Yau a Sabuwa da Ɗandume mutane ne ke baro gonakin da ke gindin duwatsu suna cunkusowa gari, yaran da aka haifa a Funtua kuwa suna girma ba su taɓa ganin ruwan da ake turo musu a famfo ba, in ma an turo.

Duk wanda zai je, a tafi a ƙungiya, a fara tambayar mutanen ƙauyen da ke kusa halin da hanya take ciki a ranar, a sanar da mai unguwa, a riƙe ruwan sha da yawa, kuma a juyo gida kafin la'asar, don hadarin bazara da iska yake zuwa.