NA'URA ƊAYA, AIKI BIYU: TARIHIN YADDA AMURKA KE LEƘA CIKIN JIKIN 'YAN LATIN



A watan Janairun 2025 gwamnatin Trump ta soke wata ƙa'ida da aka kafa tun 2011, wadda ta taƙaita shigar jami'an shige da fice asibitoci da makarantu da wuraren ibada domin kama baƙi marasa takardu. Mutane da yawa sun kalli abin a matsayin rigimar siyasa kawai. Ni kuwa sai ya tuna min da wani tsohon labari da ya haɗa abu biyu da ba a saba jin su tare ba: kansar huhu, da masu haɗiye hodar ibilis su tsallaka da ita iyaka. Abin da ya haɗa su shi ne na'urar da ke ganin cikin mutum.

A 1895 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A 1971 kuma aka fara gwada na'urar siti sikan a kan marar lafiya a Landan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera. Ita ba hoto ɗaya take ɗauka ba, tana yanka jiki ne faife-faife a hoto, har a ga ƙarin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Don magani aka yi su duka biyun. Amma da cinikin koken daga Kolombiya ya bunƙasa a ƙarshen shekarun 1970, sai kwastam na Amurka su ma suka samo musu aiki.

A Kolombiya ana kiran ɗan dakon ƙwaya "mula", wato alfadari, kuma sunan ya faɗi matsayinsa a wajen masu kayan. Ana ƙulle hodar a cikin kwaroron roba ko yatsun safar hannu ta likita, kowane ƙulli kamar giram 8 zuwa 10, mutum ya haɗiye 50 ko 100, a ba shi maganin da zai hana shi bahaya har jirgi ya sauka. Idan ƙulli ɗaya ya fashe a hanji, abin da ke ciki ya isa ya kashe shi. A 1981 likitocin binciken gawa a Miami suka wallafa bayanin irin waɗannan mace-mace, saboda gawarwakin sun fara yawa a hannunsu.

Shari'ar da ta kafa doka a kan lamarin ta wata mata ce, Rosa Elvira Montoya de Hernandez. Ta sauka a Los Angeles daga Bogota a daren 5 ga Maris, 1983. Ba ta jin Turanci, ba ta kama ɗaki a otal ba, tana riƙe da dala 5,000 a hannu, fasfonta kuma ya nuna ta shiga Amurka aƙalla sau takwas a 'yan kwanakin baya. Ta ce ta zo sayayya ne don shagon mijinta. Wata jami'a ta taɓa cikinta ta ji shi da tauri. Aka nemi a ɗauke ta hoto, ta ce tana da juna biyu. Da ta ji cewa da ankwa za a kai ta asibiti sai ta ƙi. Aka zaunar da ita kusan awa 16 ana jira ta yi bahaya a gaban jami'ai, ita kuma ta ƙi ci, ta ƙi sha, ta ƙi shiga banɗaki. Daga ƙarshe aka samo umarnin kotu, aka kai ta asibiti. Ba ta da ciki. Cikin kwana huɗu ta fitar da ƙulli 88, giram 528 na koken.

A 1985 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ce tsarewar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba: a kan iyaka, zato mai dalili ya isa a tsare matafiyi. Alƙali William Brennan ya ƙi yarda, ya yi nuni da cewa wannan iko zai hau kan marasa laifi ma, ba tare da wani alƙali ya sa hannu tun farko ba.

To, kar a ce ina wanke ta. Ta ɗauko ƙwaya, kuma ƙwaya tana rusa gidaje. Amma tsoron Brennan ya tabbata. A Disambar 2012 aka tare wata mata 'yar ƙasar Amurka, mai shekara 54, a gadar da ta haɗa Juarez da El Paso. Aka tuɓe ta, aka kai ta asibiti a ɗaure, aka bincika gabanta da bayanta, aka yi mata hoton ƙashi da siti sikan, kusan awa shida. Ba a samu komai ba. Bayan nan sai aka aiko mata da takardar kuɗin asibiti ta sama da dala 5,000. Ta kai ƙara, ɓangaren asibiti ya biya dala miliyan 1.1, hukumar kwastam ta biya 475,000. Mu ma a nan mun ga makamancin haka: a 2011 NDLEA ta tsare ɗan wasan barkwancin nan Baba Suwe bayan na'urar filin jirgin Legas ta nuna kamar akwai abu a cikinsa. Ya yi makonni a hannunsu ana sa ido a bahayarsa, ba abin da ya fito.

Su kuwa waɗanda ƙulli ya fashe musu, sau da yawa gawarsu kan zauna ba mai nema, domin dangi na tsoron fitowa. A unguwar Jackson Heights ta New York akwai wani ɗan Kolombiya, Orlando Tobón, mai ƙaramin ofishin sayar da tikitin jirgi, wanda ya yi shekaru yana tara kuɗi yana mayar da ɗaruruwan irin waɗannan gawarwaki gida. Shi ne ya fito da kansa a fim ɗin Maria Full of Grace na 2004. Manyan dilolin da suka ɗora kayan kuwa, ba su ne ke kwance a ɗakin ajiyar gawa ba.

Yanzu mu koma kan huhu.

Tun 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu, kuma a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da hakan a hukumance. Duk da haka kamfanonin taba suka ci gaba da neman sababbin masu saye, har da 'yan Latin: talla da harshen Sifaniyanci, ɗaukar nauyin bukukuwansu, da sigari masu sunaye irin su Rio da Dorado.

Matsalar kansar huhu ita ce ba ta yin ihu da wuri. Kafin tari ya yi tsanani ko a ga jini a majina, galibi ta riga ta bazu. Idan an kama ta tun tana wuri ɗaya, sama da kashi 60 cikin ɗari na kaiwa shekara biyar a raye. Idan ta bazu zuwa wasu sassan jiki, ba sa kai kashi 10. A shekarun 1970 an gwada tantance masu shan sigari da hoton ƙirji na yau da kullum, amma bai rage mace-mace ba. Sai a 2011 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a kan mutum 53,454, wanda ya nuna cewa siti sikan mai ƙarancin haske, sau ɗaya a shekara, yana rage mutuwa daga kansar huhu da kashi 20 cikin ɗari.

Ga inda gizo ke saƙa. Kusan kashi 91 na waɗanda aka yi binciken da su fararen fata ne, 'yan Latin ba su kai kashi 2 ba, alhali ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, kusan ɗaya cikin kowane mutum biyar a ƙasar. A kan wannan bincike aka gina ƙa'idar 2013: mai shekara 55 zuwa 80, wanda ya sha daidai da kwalin sigari ɗaya, kara 20, kullum har shekara 30. Shi kuwa ɗan Latin, a jimlace, ba ya shan kara da yawa a rana kamar Bature, wani ma ba kullum yake sha ba. Wanda ya sha rabin kwali kullum na shekara 40, lissafinsa 20 ne, don haka ƙa'idar ta bar shi a waje, ko da huhunsa ya sha hayaƙi tun yana saurayi. A 2021 aka gyara, aka dawo da shekaru 50 da lissafi 20, kuma ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne shigo da baƙaƙe da 'yan Latin da mata.

Gyaran takarda daban, zuwa asibiti daban. Ko a cikin duk Amurkawan da suka cancanta, waɗanda ke yin gwajin ba su kai ɗaya cikin biyar ba. 'Yan Latin kuma suna cikin waɗanda suka fi rashin inshorar lafiya, dokar Obama ta 2010 ba ta haɗa da marasa takardu ba, ga matsalar harshe, ga aikin da idan ka ɗauki hutun yini ɗaya ba albashi. Kuma kansar huhu ita ce kan gaba wajen kashe mazansu a cikin dukkan nau'o'in kansa.

A nan ne nake ganin labaran biyu suka haɗu, kuma wannan fahimtata ce. Idan ana neman ƙwaya a cikin mutum, na'ura na nan a shirye da tsakar dare, ba a tambayar inshora. Idan kansa ake nema, sai an cika sharuɗɗa, an samu likitan da zai tura, an samu mai biya. Gwajin kansar huhu kuma na mai jin kansa garau ne, wanda zai kai kansa asibiti da ƙafarsa, ya rubuta suna da adireshi, ya dawo baɗi. Wannan sai da amana. Magidancin da matarsa ko ƙaninsa ba su da takardu, ya ji an ce jami'ai na iya shiga asibiti, kuna ganin zai je don ciwon da bai fara ji ba? Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya ja baya.

Ga 'yan uwanmu da ke Amurka: idan kun kai 50, kun daɗe kuna shan sigari, ko kun daina amma ba a kai shekara 15 ba, ku tambayi likita batun wannan gwaji, yawancin inshora na biya. Mu da ke gida kuma, tarin da ya wuce mako biyu zuwa uku a kai shi asibiti, kar a tsaya wajen mai kemis. Wanda kuma aka yi wa tayin kai "saƙo" waje a ba shi daloli, ya tuna sunan da masu kayan suke kiran mai ɗauka da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana zuri'a.